Ranar da Na Ce Ƙamus ɗin Baba Ya Tsufa

Mahaifina ya shekara talatin yana koyar da Turanci a makarantun sakandare. Da ya yi ritaya sai yayana ya dawo da su shi da Mama gidansa na Nassarawa GRA, ya ware musu ɓangare guda kusa da bishiyar mangwaro. Tun daga nan Baba ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin garinsu da na malaman da suka koyar da shi. Sai dai hannunsa ya fara rawa, ko shi kansa ba ya iya karanta abin da ya rubuta. Ni na ba shi shawarar ya koma kwamfuta, ni kuma na kawo masa tsohuwar tawa.

Ranar wata Asabar ce bayan la'asar. Na riga na ci kwalliya, ƙawayena suna jirana za mu gidan biki a Kawaji. Na jona komai a gurguje, na tura masa ɗan abin da ake matsar da kibiyar kan allo da shi.

"Baba, ɗora hannunka a kan mouse ɗin nan."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Me kika kira shi, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na maimaita. Ya kama wayar abin ya ɗaga shi yana lilo, ya yi dariya har da tari. "Ɓera ke nan! Ga ma wutsiyarsa. To in sun kai biyu fa, mice za a ce ko yaya?"

Ya sa Mama ta miƙo masa ƙamus ɗinsa, wani mai jan bango da aka ɗaure da zare. Ya shiga karanto mini yana fassarawa: ɓera, mutum mai tsananin kunya wanda ba a jin bakinsa, har kumburin da naushi ke bari a ƙarƙashin ido. Ya ce bai ga na kwamfuta ba. Fuskarsa ta cika da annuri, rabon da in gan shi haka tun yana shiga aji.

Wayata kuwa sai ruri take yi. Da ya zo gwadawa, kibiyar ta dinga tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ce ya danna sau biyu, yatsansa ya danna sau huɗu.

"Baba, ba darasin Turanci na zo ɗauka ba," na ce. "Ƙamus ɗin nan naka ya tsufa, duniya ta wuce wurin."

Bai yi faɗa ba. Ya rufe littafin a hankali, ya mayar da zaren.

"Haka ne, Uwata. Je ki, kada ki makara."

Na tafi, na ci shinkafa, na yi rawa. Bayan nan duk lokacin da na ce mu ci gaba da koyo, sai ya ce a bari sai ya ji ƙarfin jikinsa. Ni ma ban matsa ba, don hakan ya fi mini sauƙi. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. A ganina maganar ba ta kai nan ba.

Shekara biyu bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, maganarsa ta ɗauke. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Tarihin bai wuce 'yan shafuka ba, su ma da ƙyar muke gane wasu layukan.

Bayan sadakar arba'in muna kwashe kayan ɗakinsa, Mama ta tsaya a kan kwamfutar, ta ce akwai abin da Baba ya hana ta faɗa mini. Bayan ranar bikin nan, sati guda cur, da ya karya kumallo sai ya tura ƙofa ya kunna ta, ya riƙe hannun damansa da na hagu don ya tsayar da rawar.

"Na ce masa in kira ki," in ji Mama. "Ya ce a'a, a ƙyale ki, aiki ya yi miki yawa."