Rafin da Ilya Ya Rufe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, da hantsi, ina jiran jirgin ƙasa a tashar Saint-Denis, gefen Paris, ɗiyarka Hamdiya ta kira ni daga Lyon. Ko gaisuwa ba ta ida ba ta ce, "Baba Awwal, Abba ya cika." Haka labarin rasuwarka ya iske ni, Malam Ilya Bouba, malamin lissafi a Bron da ke gefen Lyon, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Ranar Juma'a muka kai ka makwancinka a sashen Musulmi na maƙabartar garin. Bayan sahu akwai wasu dattawan Turawa tsaye, huluna a hannu, mutanenmu suna ta tambayar ko su wane ne. Ni na san su. 'Yan ƙungiyarka ce ta masu fatsa.

Mun haɗu muna ɗalibai a Bron, ɗakina na kallon naka. Ni Ba'adare ne daga Tawa, inda ruwa sai an zura guga, kai kuwa jikan Sarkin Ruwa ne daga wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Maraɗi. Tun ranar da ka ga yadda nake riƙe ƙarfen gada in za mu ƙetare kogin Rhône ka sa mini suna kifin rijiya, kuma har na yi furfura ban rabu da sunan ba. Aiki ya kai ni Paris, kai ka zauna Lyon, amma zumunci bai yanke ba ko sau ɗaya, kuma yawanci kai ne mai kira.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka ban yi mamaki ba da ka ce ka shiga ƙungiyar masu kamun kifi. Da ka gayyace ni, sai na hawo jirgi da ƙunshin yaji a jaka, ina lissafin gashi. Muka je wani rafi cikin tuddai, arewa da Lyon. Can na ga irin sun naku: babu tana, babu koma, sai ƙugiya 'yar mitsitsiya da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a yi ta wulwula igiya a iska, a aje ta bisa ruwa a hankali. Muka wuni. Wajen la'asar ka kama kifin da suke kira truite, mai jajayen ɗigo a jiki. Na miƙa hannu, kai kuma ka jiƙa naka, ka zare ƙugiya, ka riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ka sake shi. Ban yi maka magana ba har muka iso mota. Da na kai ƙara wurin matarka Shamsiya, dariya ta yi ta ce, "Malam Awwal, ai mijina ne kaɗai masuncin da ke biyawa kasuwa ya sayo kifi."

Daga baya na fahimci abin da ke kai ka ruwan. Rabin ranakunku ma ba kamun kifi kuke yi ba: kwashe leda da tayoyi, dasa itatuwa a gaɓa don su yi wa ruwa inuwa, share tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai. In ka ga ɗalibi sabon zuwa daga gida ya rame da kewa, ba ka yi masa wa'azi, sai ka ara masa takalman roba ka tafi da shi. Da yawansu sun zo jana'izarka da 'ya'yansu. Gashin zabo kuwa, duk mai zuwa daga Maraɗi ya san saƙonka ke nan, kuma ƙudajen ƙarya da kake ɗaurawa da shi kyauta kake raba su, har akwatin kowane ɗan ƙungiya akwai naka a ciki.

A bazarar 2022 rafin ya ƙafe, sai 'yan kududdufai masu ɗumi, kifi na kifewa a ciki. A taron ƙungiya ka tashi ka ba su labarin tafkinku. Ka ce a zamanin kakanka, in kifi ya fara ƙwai, sai ya kafa sanda da farin ƙyalle a baki, ruwa ya rufu ke nan. Ba mai saka ko ƙafa, kuma wanda ya rufe shi ne mai buɗewa. Bayan mutuwarsa aka daina jin maganar sanda, aka riƙa jan gidan sauro a ruwa ana kwashe har 'ya'yan kifi, yau albasa ake nomawa a wurin. Ka roƙe su su rufe yankin rafin da ke hannun ƙungiya. Shugabanku Guillaume, tsoho mai taurin kai irin naka, ya ce ai ku sakin kifi kuke, me za a hana? Ka ce kifin da zafi ya galabaitar, ko an sake shi ba ya kai labari. Nathalie, mai auna zafin ruwan, ta goyi bayanka. Aka amince da abu biyu: a rufe har Maris na 2025, kuma ko bayan an buɗe, daga shigowar zafi a watan Yuni ba a ƙara kamun kifi sai wata shekara. Guillaume ya ce, cikin ba'a, tunda kai ka rufe, kai za ka jefa fatsar farko. Kai kuwa ba ka ɗauke ta ba'a ba. Washegari ka je ka kafa sandarka.

A watan Janairun bana muka yi waya mai tsawo, wadda ban san ita ce ta ƙarshe ba. Ka ce kifi ya fara dawowa amma duk ƙanana ne, ba su yi ƙwan farko ba, in aka buɗe bana wahalar ta tashi banza. Ka ce jama'a sun ƙosa, kuma ba ka ga laifinsu ba, domin wasunsu tsofaffi ne, ba su san damina nawa ta rage musu ba. "Zan roƙe su shekara guda," in ji ka, "ko da gwiwa biyu ne." Allah bai nufa ka kai ranar taron ba. Ina cikin jirgi zuwa jana'izarka, bayan kai da iyalinka, abin da ya tsaya mini a rai shi ne rafin nan, ni da ban taɓa son ruwa ba.

Ranar sadakar bakwai Guillaume ya zo gida da matarsa Monique. Ya miƙa wa Shamsiya hannu, ta dafa ƙirjinta ta sunkuyar da kai, shi ma sai ya yi yadda ta yi. Ya zauna bakin kujera ya ce ƙungiya ta aiko shi da roƙo: ranar Asabar ta biyu a watan Maris, ranar buɗe kamun kifi, suna so ita ta jefa fatsar farko a madadinka, don girmama sunanka. Karamci ne tsantsa, da zuciya ɗaya suka zo da shi, amma shi ne zai warware abin da ka mutu kana so. Kuma wa zai iya cewa a'a ga mutumin da idonsa ya cika da hawaye?

Shamsiya ta ce, "Monsieur Guillaume, na gode. Zan zo, amma ina takaba."

Ya juyo gare ni, na yi masa bayani: matar da mijinta ya rasu takan zauna gida wata huɗu da kwana goma, ba ta fita sai da lalura. Ya ce to ko Hamdiya ta wakilce ta? Shamsiya ta ce, "Ni kuka roƙa. In don shi kuke yi, ku jira ni."

Tsohon ya shiga ƙirga da yatsu, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙarshen Yuni ya tsaya. A lokacin zafi ya shigo, kuma dokar da shi da kansa ya sa wa hannu ta hana su. Ya dube ta, ta dube shi. Sai ya fashe da dariya yana share ido, dariyar farko da aka yi a gidan tun rasuwarka. Ya ce, "Madame, ashe ku biyu ne." Ban tambaye ta ko ta yi lissafin tun farko ba, kuma ba zan tambaya ba. Shekara da shekaru tana wanke takalmanka masu laka, ta fi kowa sanin abin da ke zuciyarka.

Sun yi taronsu. Monique ta gaya mini an yi gardama, wasu sun yi gunaguni, amma da aka ce a ɗaga hannu ba a samu mai son ya riga gwauruwarka shiga ruwan ba. Ranar buɗe su ta zo cikin azumi, duk rafukan yankin sun cika da masu fatsa, naka ne kaɗai ba kowa. Ka samu shekararka, Ilya. Ina ma kana nan ka ji da kunnenka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shamsiya, da Hamdiya da ƙanenta Taha, da 'yan'uwanka na Maraɗi, da ɗalibanka, da abokanka na bakin rafi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa tausayin da ka yi wa halittunSa marasa baki ya zama haske gare ka. Kai da ka hana kanka ruwa don wasu su rayu, Allah Ya buɗe maka Alkausara. Amin.

Muhammad Awwal, Saint-Denis