Shirun Magariba a Motulei

A tsibirin Motulei ba a duba agogo idan rana ta karkata, Talalelei ake saurare. Shi ne mai busa ƙahon magariba, wata ƙatuwar katantanwar teku da aka huda wa gindi. Busa ta farko, kowa ya tattara ya nufi gida. Busa ta biyu, duk inda ta same ka nan za ka zauna, ko a tsakiyar hanya ne, ko da kwandon gwaza a kafaɗarka. Kowane gida ya shiga waƙar yabo da addu'a, ba tafiya, ba hira, sai ya yi ta uku. Shi da sauran masu tsaro kaɗai ke tsaye a bakin hanya cikin fararen riguna, su ma bakinsu a rufe.

Tun gashinsa na baƙi yake wannan aiki, kuma gaskiya ya cika tsanani. Mutumin kirki ne, zai gyara maka injin kwale-kwale ya ƙi karɓar ko kan kifi, amma da zarar ya sa farar rigar nan ba shi da ɗan'uwa. Ya taɓa kai ƙarar matar Pouesi, ɗan baffansa, gaban dattawa don ta fito kwashe shanya da ruwa ya sauko ana cikin addu'a. Alade guda gidan suka bayar na tara. Pouesi ma mai tsaro ne, kullum kafaɗa da kafaɗa suke tsayuwa, amma aladen nan bai taɓa fita daga ransa ba.

Abu ɗaya ne ke mayar da Tala, kamar yadda ake gajarce sunansa, ƙaramin yaro, shi ne rediyonsa. Da ƙuruciya ya yi aiki a jirgin ruwa na kaya, mai kula da rediyon jirgin ya ɗana masa wannan ciwo, ya je birnin Apia ya ci jarrabawa aka ba shi lambar kira. Ya dawo gida da ɗan oba-oba da eriyar da ya haɗa da kansa, sandar tsintsiya da 'yan ƙarafuna a gicciye. Akwai wani ƙaramin tauraron ɗan'adam da masu sha'awar rediyo irinsa suka sa aka harba musu. Yakan fito daga wannan gefe na teku ya faɗa wancan, tsawon abin da mutum zai shanye kofin koko mai zafi. In ka bi shi da eriya ka yi magana, sai ya watsa muryarka ga duk wanda ke ƙarƙashinsa a lokacin. Murya ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, kuma ya tsufa, batirinsa ya mutu, sai rana na dukansa yake aiki.

Mutanen nan sun yanka duniya gida-gida a taswira, burin kowannensu ya yi magana da gidan da ba a cika jin kowa daga cikinsa ba. Motulei kuwa ita kaɗai ce ƙasa a nata gidan, sauran duk ruwa ne. Don haka da Tala ya buɗe baki, sai ka ji manyan mutane daga Japan da New Zealand suna tattaka juna kamar masu rububin sabon kifi. Shi kuma yana tsaye a bakin rairayi da zani ɗaure, yana bin sama da sandar tsintsiya, mata na dariya suna cewa ga mai sharar gajimare.

'Yarsa Fuatino ce kaɗai ta ɗauki abin da gaske. Ita ma ta yi lambarta, ta karanci aikin jinya, aka tura ta wani tsibiri can arewa a Kiribati, inda jirgi ke zuwa in ya tuna. A wancan zamani babu waya a Motulei, tauraron nan shi ne wayarsu. Sai dai nisan ya yi yawa, ba kullum yake hango su biyun tare ba. In ya hango, a can ƙasa-ƙasa yake wucewa, su gaisa a gurguje ya nutse.

Sai guguwa ta zo. Ta kwashe rufin gidaje, ta karya kwakwa, ta farfasa kwale-kwalen ƙauyen gaba ɗaya a kan duwatsun murjani. Ba a rasa rai ba. Tala da matarsa Saunoa sun sha da ƙyar a cikin coci tare da kowa. Amma teku ta ƙi kwanciya, ba mai fita ba mai shigowa, kuma gidajen rediyon waje sun riga sun ce an shafe ƙananan tsibiran yankin. Eriyar Tala kuwa a gindin wata bishiya aka tsinto ta, a lanƙwashe, wayarta ta tsinke.

Da ɗan guntun abin da ya rage yana iya ji, amma muryarsa ba ta kaiwa. Haka ya tsaya wata yamma ya ji 'yarsa tana jera haruffan lambarsa, tana sakewa. Duk masu rububin nan sun yi tsit sun bar mata tauraron, abin da bai taɓa ji sun yi wa kowa ba. Ya danna ya yi magana har maƙogwaronsa ya bushe, ba ta ji ba.

"Baba, in kana ji na," in ji ta, muryar na yankewa, "akwai jirgin ruwan dakon kwakwa da zai tashi kudu jibi da sassafe. Gobe da magariba ne tauraro zai haɗa mu na ƙarshe. In ban ji ku ba, zan bi shi in zo in gani da idona."

Tala ya san jirgin. Ya taɓa leƙa injinsa a Apia ya fito yana girgiza kai, tsatsar ta fi ƙarfen yawa. Ga kuma sama ta sake yin nauyi ta arewa, tsofaffi na cewa wata guguwar na tafe. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko daren da rufin cocin ke ɗagawa.

Washegari ya wuni a kan eriyar. Ya zare ƙarafunan wata tsohuwar lema, ya yanko waya daga mataccen inji, ya ɗauko batirin kwale-kwale da ya rage da ɗan rai. Da la'asar ta haɗu. Sai a lokacin ya yarda ya kalli abin da ya sani tun jiya yana kau da kai: tauraron zai fito ne bayan busa ta biyu, ya nutse kafin ta uku.

Ya je wurin Seumalo, babban dattijon ƙauyen, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafafu, ya gaya masa komai.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ja shirun baya yau kaɗai. Ko a matso da shi gaba."

Tsohon ya daɗe yana kaɗa ƙuda da maficinsa. "Talalelei, kai ne da wannan magana? Allah ya tsallakar da mu ba ko gawa ɗaya, sai mu ce masa yau ya jira, muna da baƙo a sama?"

"Yarinyar za ta hau jirgin nan."

"Na ji. Ni na riƙe ta ranar da aka yi mata baftisma, ba sai ka tuna mini ba. Amma in na ɗaga maka yau, me zan ce wa waɗanda ka kawo gabana?" Ya ajiye maficin. "Ka riƙe abinka a hannu ka saurara, wannan na yarda. Kada in ji muryarka. Mai tsaron da ya karya shiru ka san hukuncinsa, kai da gidanka za ku bar tsibirin. Ba zan iya tare dattawa ba, zukata a sama suke."

Tala ya sani. Ya kuma san kabarin iyayen Saunoa na ƙofar gidansu, kuma ita ba ta taɓa kwana a wata ƙasa ba.

Da rana ta yi ja ya sa farar riga. Ƙaho a rataye, batir a ƙasa kusa da ƙafarsa, eriya a dama, oba-oba a hagu. Pouesi ya zo ya tsaya a inda ya saba, ya dube shi sama da ƙasa.

"Yau kuma da lema aka fito tsaro? Ai ba ta da yadi, ɗan'uwa."

Tala ya sunkuya yana gyara wayar batir. Pouesi ya ci gaba.

"Ka dai busa a kan kari. Na ga rana, na san inda take taɓawa a kan dutsen can. Kuma kunnena lafiya lau yake, in gaya maka. Matata ma ta ce in gaishe ka, ta kwashe shanyarta da wuri."

Ya busa ta farko. Ya jira yadda ya saba jira, bai ƙara ba bai rage ba. Ya busa ta biyu. Ƙauyen ya zauna. Daga ƙarƙashin tamfol da ganyen kwakwa da aka yi rufin wucin gadi da su, gida bayan gida ya ɗauki waƙar yabo. Da yake bangaye sun faɗi, yau muryoyin duk sun haɗu wuri guda.

Ya ɗaga eriya ya nuna arewa, dab da inda teku ta taɓa sama. Shuuu kawai yake ji. Ya ɗan karkata hannu, ya juya sandar a hankali. Sai shuuu ɗin ya yanke, muryar Fuatino ta fito, a gajiye, kamar ta wadda ba ta yi barci ba. Ta jera lambarsa. Ta yi shiru ta ba shi fili. Ta sake jerawa.

"Baba, Fuatino ce. Ko kalma ɗaya ce."

Pouesi na ji. Bai juyo ba, amma wuyansa ya miƙe.

Ƙahon na rataye a ƙirjin Tala. Busa ta uku a hannunsa take, ba wanda zai hana shi ɗagawa yanzu ya sallami kowa. Sai dai ƙa'ida ita ce sai gidan fasto sun ce amin, kuma faston tsoho ne mai jan addu'a, yau ga abin godiya ya taru masa. Ko waƙar ba su kai rabi ba. Tala ya bi tauraron da eriya, yana jin muryar na ƙara ƙarfi, ta kai iyakarta, ta fara raguwa. Ya san wannan raguwar sarai. Hannunsa ya fara gangarowa yamma, kuma abin da ya rage kaɗan ne.

"Na haɗa kayana," in ji ta. "In ba ku nan ma, gara in zo in sani."

Nan ya yanke shawara. Su kore shi. Saunoa za ta yi kuka, za ta yafe ko ba za ta yafe ba, amma 'yarsa ba za ta hau wannan tsatsar ba. Fuatino ta yi shiru, ya kai oba-oba bakinsa, ya danna, ya buɗe baki.

Babu abin da ya fito. Ya tura, maƙogwaron ya ƙi. Tun yana saurayi bai taɓa furta kalma tsakanin busa ta biyu da ta uku ba, yau da ya nema, jikin ya ƙi bin umarninsa. Ya tsaya baki buɗe, yatsa a danne, gumi na shiga masa ido, leɓɓansa na motsi babu sauti. Ya ji kunya da haushin kansa, ya ji kamar ya fasa ƙahon a kan dutse. Ya daɗe a haka kafin yatsan ya gaji ya saki.

Shuuu. Eriyar ta kusa taɓa ruwa. A ransa ya ce shi ke nan, ya kashe 'yarsa da bakinsa.

Sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa a cikin coci.

"Na ji, Baba. Na ji waƙar. Ashe lokacin shiru ne a wurinku, ni ce na manta." Ta ja numfashi, ana jin kuka a ciki. "Kada ka yi magana, tsaya abinka. Duk ƙauyen na ji. Ga Mama can ta riga kowa shiga baiti, har yanzu ba ta iya jira ba. Ba zan hau ba. Ka ji? Ba zan..."

Tauraron ya nutse da sauran.

Tala ya sauke eriyar a hankali ya jingina ta da ƙafarsa. Bai zauna ba, mai tsaro ba ya zama. Hawaye na bin fuskarsa har cikin wuyan farar rigar, bai share ba. Fasto ya yi ta addu'a, ya gode wa Allah a kan mutane, a kan aladu, a kan cocin da ya tsaya. Can aka ce amin.

Ya ɗaga ƙahon ya kai baki, ya hura, iska kawai ta fito. Ya sake, haka. Ƙauyen na zaune yana jira.

Pouesi ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya miƙa hannu ya zare igiyar daga wuyansa, ya goge bakin ƙahon da gefen rigarsa, ya busa. Busar ba ta yi daɗi ba, kamar kukan ɗan maraƙi, amma mutane sun motsa. Ya mayar masa da ƙahon a ƙirji.

"Ni dai ban ji ka ce komai ba," in ji shi, "kuma Allah ya sani na kasa kunne. Je ka gaya wa Saunoa, kafin ka faɗi a nan in sha wahalar ɗaukarka."