Maƙerin da Bai Taɓa Cewa Bai Iya Ba

A layin maƙeran kwano na birnin Monterrey, a ƙasar Meziko, gara a zagi uwar mutum da a ji ya ce bai iya ba. Kai musu hoton jirgin sama, za su ce ka dawo jibi. Cikin wannan ɗabi'a Eleuterio Cantú ya tashi har ya yi furfura, yana lanƙwasa bututun hayaƙi da na iska. Hannu kam akwai shi, sai dai bakin ya fi hannun.

Amininsa Fulgencio, wanda ya riƙe masa 'ya a ranar baftisma har suke kiran juna kompadre saboda wannan zumuncin, shi ne mai ƙwaƙwalwa. Ƙurar siminti ce ta cinye huhun mahaifinsa, shi ya sa ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ƙera matatar iska mai karkatattun faifai, wadda ke kakkaɓe ƙurarta da kanta. Hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirar, ya buɗe ɗan shago.

Sai wani babban kamfani ya kwaikwayi matatar, ya kuma nemi kotu ta soke takardar, wai ba wata fasaha ba ce, kowane maƙeri zai iya tunaninta.

"Kompadre, zo ka gaya musu wuyar abin nan," in ji Fulgencio.

"Sha kuruminka, an gama!"

A kotu lauyan kamfanin ya dubi Eleuterio da murmushi. "Maigida, an ce duk layinku babu kamarka. Amma wannan ta fi ƙarfinka ko? Da an ba ka kwano da almakashi, ai ba za ta taɓa zo maka a rai ba."

Ga maƙeran layi a baya sun kasa kunne. Jini ya hau masa kai.

"Ni? Yaro, ko ido rufe!"

Kash! Kafin ya rufe baki ya ga Fulgencio ya sunkuyar da kai. Aka soke takardar, shago ya mutu, Fulgencio ya koma gyaran fanka a ƙofar gida.

Da Fulgencio ya zage shi, da Eleuterio ya huta. Ina! Kowace Lahadi sai ya zo cin gasasshen ɗan akuya kamar da, ya yi wasa da jikoki. Shi kuwa Eleuterio, kunya da baƙin ciki sun hana shi sakat. A ɓoye ya sha gwada ƙera matatar, kullum ƙura ta toshe ta.

Wata Lahadi, bayan tsufa ya sa hannun Fulgencio rawa, ya zo da tsohuwar matatarsa ta farko, ta lalace.

"Duba min ita, kompadre."

Eleuterio ya juya ta, ya sake juyawa, idonsa ya ciko.

"Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Fulgencio ya naɗe nama cikin tortiya, wainar masarar ƙasarsu, ya miƙa masa.

"Ni ai na sani tuntuni. Alƙali ne bai sani ba."