Awon Dantsen Dogo

A layin masu ɗinki akwai wani tela da ake kira Sai-Na-Gani. Mutum ne da bai yarda da kowa ba, inuwarsa ma sai ya waiga ya duba. Ka kawo masa yadi ka faɗi tsawonsa, zai sake aunawa a gabanka, yana hararenka ta saman tabarau kamar satowa ka yi. In sabon zare ya shigo kasuwa ba zai taɓa shi ba, sai telan da ke gefensa ya yi ɗinki da shi, an wanke, an shanya, ya ga bai zuba ba. Haka ya tsufa a kan keke, kuma a faɗi gaskiya ba a cika cutarsa ba. An dai gaji da shi.

Matarsa kaɗai ta iya da shi. Tana da asma tun ƙuruciya, in ta tasar mata har daga tsakar gida ana jin ƙirjinta yana fito. To ka ga ranar da annoba mai shaƙe numfashi ta shigo gari, hankalin tela ya tashi ba kaɗan ba. Ya ɗinka mata takunkumi rubi uku, ya hana ta leƙa ko ƙofar gida, ƙanwarta ma da ta zo gaisuwa daga bakin taga aka gaisa. Yana son matar nan, ko da yake ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗa ba.

Ana nan sai rediyo ya ce hukuma ta amince da allurar rigakafi, an kawo asibitin unguwa. Matar ta ce, “Malam, sai mu je ko?”

“Je ina?” in ji shi. “Yaushe cutar ta zo, yaushe aka haɗa maganin, har an amince? Ni ko riga aka ce in ɗinka da wannan gaggawar a karkace za ta fito. Kuma wai kyauta. Ruwa ba ya tsami banza.”

“To sai yaushe?”

“Sai an wanke an shanya tukuna.”

Wanda zai gwada da shi kuwa bai yi wuyar samu ba. Maƙwabcin shagonsa, wani bakanike da ake ce wa Dogo, tun ranar farko ya je aka tsira masa, ya dawo yana nuna wa mutane filasta. Tela, mutumin da ko maɓalli bai taɓa ɗinka wa wani don Allah ba, ya kira Dogo ya ce zai yi masa riga. Ya auna wuya, ya auna ƙirji, ya daɗe a kan dantsen hagu, inda aka yi allurar. Bayan kwana biyu ya sake kiransa, wai awon bai zauna ba.

Haka aka yi ta yi. Riga dai ba ta fito ba, awo ne kullum, da tambayoyi. Kana barci? Abinci fa, yana shiga? Sai ya rage murya: “Iyali ba ta kawo wani ƙorafi ba dai ko?” Dogo ya yi ta dariya, ya ɗauka tsufa ne. Ranar da ya yi atishawa a shago, tela ya koma gida yana murna kamar ya ci gasa, ya ce wa matar biri ya yi kama da mutum. Washegari ya tarar da Dogo ya rungumo injin mota shi kaɗai. Da wuyan Dogo ya ƙaru kaɗan, tela ya ce kumburi ne, nan kuwa ƙiba ce kawai, mutumin ba ya wasa da cikinsa.

Shi yana awo, cuta tana aikinta. Aka ɗauki mai wankin bayan layi zuwa asibiti, bai dawo ba. Matar tela ta daina tambayar sai yaushe, kuma shirun nan ya fi tambayar damunsa.

Da ya gaji da neman aibu a jikin Dogo ya rasa, ya ce wa matar ta shirya. Suka tarar da asibitin fayau, bencina babu kowa. Nas ta ce, “Ayya Baba, ai ta ƙare tun makon jiya.” Ya ce yaushe za a kawo wata? Ta ce ita ma ba ta sani ba. A hanyar komawa yana jin numfashin matar a bayansa, ga tsoro ga kunya. Ya san ba wanda ya ja musu wannan sai shi.

Daga ranar, kafin ya buɗe shago sai ya biya asibiti. Mai gadi har ya saba, daga nesa yake girgiza masa kai. Ranar da bai girgiza ba, tela ya juya da sauri ya ɗauko matarsa.

Da layi ya zo kansu ya leƙa kwalbar da ke hannun nas, ya ce, “Murfin nan ba irin wanda Dogo ya kwatanta mini ba ne.”

“Wannan ta wani kamfani ce, Baba. Ita ma an amince da ita.”

Duk awon da ya yi a kan waccan ya yi. Ya fara naɗe hannun rigarsa ya ce, “To ni za a fara yi wa. In ta kwana biyu a jikina sai in kawo ta.”

“Kaɗan aka aiko, ta masu ciwo a jiki ce kawai, kai ba ka ciki. Kuma ga layi kana gani, ba za ta kai gobe ba.”

Ya juya zai yi wa matar magana, ya tarar ta riga ta zauna a kujera. Ta ce, “Malam, na gaji da gaisawa ta taga.” Ta kama hannun rigarta za ta ja sama, ya ƙi wuce gwiwar hannu. Ɗinkinsa ne, ya matse shi tsaf yadda ya saba. Ta ja, nas ta ja, ko motsi. Na baya a layi suka fara tsaki.

Matar ta ɗago ta dube shi. “Kai ka ɗinka, sai ka farke.”

Ya laluba aljihu ya ciro rezarsa. Shi da bai taɓa kuskuren yanka ba, ya bi zaren a hankali har kafaɗa. Ya tallafe dantsenta da hannu biyu, zuciyarsa tana cewa ya janye ta su tafi, bakinsa yana addu'a.

Can sai nas ta taɓa shi ta ce, “Baba, sake ta mana, ai an gama tun ɗazu.”