Tsintsiyar Inna da duwatsuna a Agadas

Mun bar Damagaram ana kiran sallar asuba, mu huɗu a mota ɗaya: mai ba da umarni, mai kamera, direba, sai ni da akwatin idanun kamera a kan cinya. Ni ce mataimakiyar mai kamera. Aikina ɗaukar kaya, canza batir, da murza zoben idon kamera don hoto ya fito tar. Tun kafin mu hau gudro, wato titin kwalta, mai kamera ya faɗa mani gaskiya: wannan tafiya gwaji ce, in hotona ya fito tsaf zai tafi da ni babban aikin da ya samu a Dirku, in ba haka ba akwai masu jira.

Hanyar har Tanut da sauƙi. Daga nan kuwa sai addu'a, rami na miƙa mu ga rami, ni kuma na rungume akwati kamar mai jego. A kowace bariyar, inda ake tare hanya don bincike, sai jandarma ya ce a buɗe akwatin. Ga shawara ta farko ga 'yan'uwana masu wannan aiki: kada ku buɗe akwatin idanu a fili, ku shiga cikin mota ku rufe gilashi, don yashin can ba ya neman izini. A Adarbisnat muka ci cuku da dabino, muka sha shayi mai ɗacin da ya kore mani barci. Ruwan sanyi kuwa, kana ƙara yin arewa kuɗinsa na ƙara hawa.

Da la'asar muka hango hasumiyar masallacin Agadas da itatuwanta a jiki. Wanda muka zo dominsa wani tsohon maƙerin azurfa ne a tsohon gari, cikin lungun da mota ba ta shiga, sai da muka yi dakon kaya a ka. Idonsa ya fara rauni, ya daina aiki, da ƙyar ya yarda zai ƙera mana abin wuyan nan da aka san Agadas da shi, guda ɗaya tak. Yadda ake yi, a siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da laka, in ta bushe a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a fasa lakar. Fasawar nan ita ce zuciyar fim ɗin, kuma laka ba ta fasuwa sau biyu.

Ranar farko komai ya tafi daidai. Tsoho na zaune a rumfarsa ta tsakar gida da tsohuwar riga da gawayi ya rine, toka ko'ina, zuga-zugi a gefe. Mai ba da umarni sai murna yake, wai ga rayuwa ta gaskiya. Rumfar da duhu, a irin wannan haske kuwa in abu ya matsa da faɗin yatsa biyu hoto ya yi dishi-dishi. Don haka da aka tashi na tsaya na auna komai da mitir: inda tsoho zai zauna, inda zai aza lakar, inda ƙafafun kamera za su tsaya. Sikoc, salatif ɗin da muke manna alama da shi, ba ya kama ƙasa, sai na tsinto ƙananan duwatsu na dasa a kowane wuri. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah kada a taɓa komai har gobe, kuma wannan rigar za ka sa." Ya ce, "To, ɗiyata."

Washegari da na shiga gidan sai da na koma baya na duba ƙofa, na zaci ɓatan kai muka yi. An share tsakar gida fes, an yayyafa ruwa. An shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa, an rataye jakunkunan fata masu tuntu a bango, an jera kwanonin da ba a fito da su sai da biki. Tsoho na zaune cikin farar shadda da rawani yana ƙamshin turare. Duwatsuna kuwa ga su can a gindin bango an tara su wuri ɗaya. Wallahi har wanke su aka yi.

Mai ba da umarni ya dafe kai yana ta "rakor, rakor" da Faransanci, wato hoton jiya da na yau ba za su haɗu ba: mutum ya ɗauki kaki da baƙar riga, ya ɗago kai da farar shadda. Bai iya yi wa tsoho faɗa ba, bai iya yi wa matar gida ba, sai ya juyo kaina. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ya ce tunda ni mace ce, in shiga in gaya wa uwargida a mayar da komai yadda yake.

Na same ta a bakin murhu, dattijuwa siririya da awarwaro har gwiwar hannu. Na gaishe ta, na yi bayani cikin ladabi iya yina, raina kuwa na tafasa.

Ta ce, "Ɗiyata, abin nan a tele za a nuna shi?"

Na ce, "I, Inna."

Ta ce, "Jiya kun zo mani ba shiri, kun ɗauki gidana da toka, na yi shiru don ku baƙi ne. Yau kuma ki ce in mayar da datti da hannuna? Ku gobe kun tafi. Ni ce zan zauna da matan unguwa suna cewa na bar mijina ya fita duniya da tsumma."

Na ce ko rigar kaɗai a ba mu. Ta nuna mani igiya da haɓa. Ga rigar can a shanye tana ɗigar ruwa.

Ina fitowa na tarar tsoho ya riga ya zuba azurfa, don wuta ba ta san rakor ba. Babu lokacin awo. Muka dasa kamera inda muke zato, na sa hannu a zobe ina ƙiyasi da ido. Da na tsira da haka, amma farar shadda ta ƙarasa ni. Jiya a gabansa yake aiki, dab da gwiwa. Yau da ya ɗaga guduma sai ya tuna da kayan jikinsa, ya miƙa hannu can nesa don kada laka ta fallatsar masa. Kafin in murza zobe in cim masa, ƙwas, ya fasa. Azurfar ta fito da kyau, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na san abin da na gani a allo.

Muka duba a masauki. Bugun guduma da tsagewar laka duk hazo ne, sai bayan komai ya wuce hoto ya dawo tar, a kan hannun riga mai guga. Inna kuma ta aiko mana da tuwo da miyar nama a cikin kwanonin bikin nan, na ci ina jin haushi, kuma abin takaici ya yi daɗi.

A hanyar dawowa, mun tsaya shan esans, wato man mota, a Tanut, mai kamera ya ce mani ba tare da ya dube ni ba, tafiyar Dirku zai nemi wani. Ban yi musu ba, na koma mota na rungume akwatin har muka shiga Damagaram da magariba.

To, masu irin aikina, gemuna ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ku ɗauki hoton wuri da waya kafin ku tashi. Rigar da aka yi aiki da ita ku roƙa a ba ku ku kwana da ita. Alama kuwa a kafa ƙusa a ƙasa, dutse ba abin dogaro ba ne. Fiye da duka, in kun shiga gidan mutane, ku fara zama da matar gida ku gaya mata abin da za a nuna da dalilinsa, ku ji nata. Maigida zai ce maku to, amma tsintsiya ba a hannunsa take ba.

Na ba mahaifiyata labarin duka ina jiran ta taya ni faɗa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Allah ya yi wa matar nan albarka. Da gidana kuka zo, ko ranar farkon ma ba za ku ɗauka ba."