Yaya Mai Kunne, da Ranar da Kunkuru Ta Ƙi Tashi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe tara na safe, ina tsaye a shago ina duba tagogin da za a kai wa wani mai gini, matarka ta kira ni, Yaya. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Yayanka ya cika." Na zauna a kan tarin gilasai, abin da nake hana ma'aikatana yi kullum.

Yaya, ka san ni ba na ɓoye abin da na yi da hannuna. A sakandare na tsaya. Da zarto ɗaya da tsohon tebur na fara, yau ina da shago uku na tagogi da ƙofofi, kuma babu wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ba ni. Haka nake faɗa a ko'ina. Amma yau zan cika maganar da na saba yankewa a tsakiya: zarton naka ne, teburin ma naka ne. Tun da mahaifinmu ya rasu kai ka riƙe ni, da hannun da baƙin mai bai taɓa barinsa ba.

Shekara arba'in da ɗaya kana gyaran wutar mota. Direbobi suka sa maka Mai Kunne, domin kafin ka buɗe bonet sai ka ce a murza makulli, ka karkata kai, ka saurara. Ni kuwa ka sa mini Manaja tun ina ɗan shekara goma, saboda na ƙi taɓa batir don kada rigata ta ɓaci. Sunan ya bi ni har gaban 'ya'yana.

Masu sayar da kayan gyara ba su so ka ba, kai ma ka sani. Na taɓa ganin wani direban tasi ya zo da gumi, an ce masa sitatarsa ta mutu, wato na'urar da ke juya inji idan an murza makulli. Ka goge kan batir, ka ɗaure da sifana, mota ta tashi. Ya tsaya yana jiran sauran aikin. Ka ce, "Ai an gama. Je ka saya wa yaranka takalma." Kakan ce sitata ta fi kowa shan ƙazafi a cikin mota: wani ya yi laifi, ita a cire. Ƙa'idarka ɗaya ce: kada ka sayi ƙarfe kafin ka saurari ƙarfe.

Shekara biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar bas mai gado da ɗan murhu da kabad a ciki, irin wadda ake tafiya a kwana a cikinta. Ka zagaya ta sau biyu, ka ce, "Manaja ya sayo kunkuru, yana yawo da ɗakinsa." Daga ranar sunanta Kunkuru. Ka ce in kawo maka ita ka bi wayoyinta kafin komai. Ni kuwa wurin mai fenti na fara kai ta, na ce a fesa ko'ina, har cikin ɗakin inji, don ba na son ganin tsatsa ko kaɗan. Ta fito tana ƙyalli kamar sabuwa. Daga nan ta fara tsiya: yau ta tashi, gobe ta yi "ƙas" ta yi shiru. Kunya ta hana ni zuwa wurinka. Na sa mata sabon batir a ɓoye. Na sa sabuwar sitata a ɓoye. Duk a banza.

Sai ciwo ya kwantar da kai. Bayanka ya daina ɗaukar zama, ko minti goma ba ka iya yi a kujera. Ana cikin haka Auta, 'yarka tilo, ta haihu a garin da take aure, tafiyar awa biyar. Aiki aka yi mata, likita ya hana ta tafiya sai bayan makonni shida. Naka likitan kuwa ya ja ni gefe ya gaya mini cewa ba lallai ka kai makonni shida ba. Jikanka na fari ke nan, kuma babu motar da za ta kai ka a kwance sai Kunkuru.

Da hantsi muka ɗauko ka a ƙofar gidanka, muka shimfiɗe ka a gadon baya, matarka ta tokare ka da matasai. Na sa farar riga, na hau, na murza makulli.

Ƙas.

Na sake. Ƙas. Matarka ta kalle ni, na kalli sitiyari. Na ciro waya zan sa a kawo wata sitatar, sai na ji muryarka daga baya, siririya amma ba ta rasa gatsenta ba.

"Manaja, ajiye wayar nan. Sitata nawa ka riga ka kashe ba da haƙƙinsu ba?"

Na ce ɗaya ce.

"Da batir. Tsammani kake ba a kawo mini labari? Kunna fitila, ka murza. Ke kuma je ki gaba ki gani, ta dushe ko tana nan?"

Matarka ta ce tana nan da haskenta.

"To batir ya fita daga zargi. Murza kuma, ka yi shiru, bakinka ya fi injin ƙara." Na murza. Na hango ka ta madubi, idonka a rufe, ka karkata kai a kan matashi kamar yadda kake yi a gareji. "Wuta na zuwa," ka ce, "hanyar komawa ce ba ta da ita. Akwai wata kakkaurar waya da ta haɗa inji da jikin mota. Shiga ƙasa ka taɓa inda aka ɗaure ta."

Na dubi farar rigata.

"Rigar ba ta da jika, ni nake da shi. Shiga."

Na shiga, Yaya. Ni da ma'aikata goma sha bakwai ke kira maigida, na kwanta a ƙasa a bakin titi, maƙwabta na kallo. Ƙusar da ta riƙe wayar da ɗumi. Ka ce in ɗauko wayar jona batir, in maƙala kai ɗaya a batir, ɗayan a jikin injin. Na murza, Kunkuru ta yi gurnani ta tashi. Matarka ta fara hamdala, kai kuwa ka ce in kashe. "Wannan shaida ce, ba gyara ba. Ba zan mutu a hanya saboda aikin rabi ba." Na kwance ƙusar, sai ga fentina, mai kauri, shuɗi, kwance tsakanin waya da ƙarfe. Mai fenti ya cire ta ya fesa, ya mayar a kai, kamar yadda na umarta. Na goge da sanfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure. Murzawa ɗaya ta tashi.

Da na hau, baƙi ƙirin har gwiwar hannu, na jira faɗa. Cewa kawai ka yi, "Shekara arba'in ina jiran in ga hannun nan haka. Ja mu tafi."

Mun isa kafin la'asar. Auta ta shigo cikin Kunkuru a hankali, ta ɗora maka jaririn a ƙirji. Ya tsala kuka, ka karkata kai kana saurare, ka ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau, ba ya bukatar gyara." Kwana tara bayan haka Allah Ya karɓi ranka.

Na yi alfahari da abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma ba su cancanta ba. Amma ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba: ni ƙanen mutumin da ya gyara mota yana kwance, bai ga injin ba, da kunne kawai, ya kai kansa wurin jikansa. Rigar nan ban bari an wanke ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa ɗaga murya ba, da Auta da mijinta, da abokan aikinka na gareji, da duk direban da ka taɓa mayar wa hanya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Kamar yadda ba ka taɓa ɗora wa marar laifi laifi ba, ko da ƙarfe ne, Allah Ya yi maka hisabi mai sauƙi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya raya jikan da ka saurara, Ya ba shi kunne irin naka. Amin.