Mai Auduga Za Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin ƙarshe na sashen haƙori. Ta dafa ruwa, ta bari ya huce, ta zuba gishiri kaɗan, ta jiƙa buroshin jarirai har ya yi laushi. Shekara ashirin da shida tana wannan. Marasa lafiya suna ce mata Mai Auduga, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Masu zuwa wurinta ciwo ɗaya ke damunsu: garkuwar jikinsu ce ta juya tana yaƙar fatarsu. Ƙuraje masu ruwa su fito a baki, su fashe, dasashi ya saluɓe. Ƙanwata tana cikinsu. Da ta ga jini a buroshi sai ta daina goge baki har wata biyar, haƙora uku suka tafi. A gida kuma muka ware mata kofi don tsoron ɗauka. Ni na kafa dokar, ni da nake yi wa mutane faɗa a kan zumunci.

Ranar da na kai ta, ta ji ƙishi ta ciro kofinta daga jaka. Mai Auduga ta karɓa, ta zuba ruwa, ta shanye.

"Yayanta, kai ne mai dokar kofi?" in ji ta. "Ciwon nan ba a ɗaukarsa. Jahilci ake ɗauka, shi kuwa na ga ya zagaye gidanku."

Ta naɗa auduga a yatsa, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ƙanwata, in da zafi ɗaga hannu, kada ki yi mini jarumta." Awa guda cur. Bayan mako shida ƙanwata ta tauna abinci.

Mai Auduga, ke ce kika sunkuya a kan bakin da dangi suke kauda kai daga warinsa. Ke ce mai hannu marar nauyi. Yanzu hannun ya fara rawa, kin kuma faɗi gaskiya ba ki ɓoye ba.

An yi cigiyar mai karɓar ɗakin, shiru. Abokan aikinta sun ce a awar da ake ɓatawa kan baki ɗaya sai a duba mutum huɗu. Wannan ba dabara ba ce, mutuwar zuciya ce. Mai Auduga ta koya mini aikin, na gwada a gida. Auduga ta rine da jini, ƙanwata tana hawaye tana ba ni haƙuri.

Mun gode, Mai Auduga, Allah Ya saka miki. Ku kuwa da kuka karanta aikin haƙori, ɗayanku ya je ya tsaya a bayanta ya koya. Saura kwana tara. Bayan nan ban san inda zan kai ƙanwata ba.